Daga Ƙofar 'Yandaka Zuwa Jidda Da Dubai: Tafiyar Maigida Da Iyalinsa

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san Ƙofar 'Yandaka, ƙofar nan ta ɓangaren yamma wadda hanyar Batsari ta fita ta cikinta, kuma wadda ta nan ne Turawa suka shigo gari a shekarar 1903. A zamanin da, in mutum ya fita ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan da niyyar zuwa Gabas, to, sai ya yi sallama da dangi, ya nemi gafara, ya bar wasiyya, domin ba shi da tabbacin komowa. A yau kuwa sai ka ji an ce Alhaji wane na Ƙofar 'Yandaka ya rufe kantinsa, ko kuwa wane ma'aikacin gwamnati ya karɓi hutunsa na shekara, ya ɗauki uwargida sun tafi Umra, daga can za su ratsa ta Dubai su ɗan huta, kwana goma ko mako biyu sun dawo. Abin ya zama al'ada ga masu hali, har ma da waɗanda halin bai kai ba, kuma shi ya sa ya cancanci a zauna a duba shi da idon basira.

Tafiyar miji da mata zuwa ƙasa mai tsarki ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da suka bi hanyar ƙasa ta Borno da Wadai da Darfur har zuwa Sawakin a bakin Bahar Maliya, da yawansu da iyalinsu suka tashi. Sukan yi shekaru a hanya, su yi noma a nan, su yi ƙwadago a can, har a haifi 'ya'ya kafin a ga Ka'aba, waɗansu ma ba su komo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yanzu suna jin Hausa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Allah Ya jiƙansa, da ya tashi aikin Hajji a 1921, sai da ya gangara Ikko ya shiga jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, sa'an nan ya isa Jidda. Yanzu kuwa mota ta kai ka Kano, jirgin sama ya ɗauke ka, cikin awa huɗu zuwa biyar ka ƙetare Bahar Maliya ka taka nahiyar Asiya. Daga Jidda zuwa Dubai kuma kimanin awa uku ne.

Ita hukumar Sa'udiyya ma ta sassauta. A 2018 aka buɗe jirgin ƙasa mai sauri tsakanin Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kilomita 450 da a da takan cinye wuni a mota ta koma ƙasa da awa uku. A 2022 aka tsawaita wa'adin bizar Umra daga kwana 30 zuwa kwana 90, aka kuma yarda mai ita ya zaga sauran garuruwan ƙasar. Wannan ne ya buɗe wa mutanenmu hanyar hawa Ɗa'ifa, garin nan na kan duwatsu mai sanyin iska da lambunan furen wardi da inabi da rumman, inda su kansu mutanen Makka suke gudu in zafi ya matsa.

To, abu na farko da ake tambayar malamai shi ne: shin ya halatta a haɗa ibada da yawon shan iska a tafiya ɗaya? Amsa ita ce ya halatta. Alƙur'ani ya ɗauke laifi ga mai neman falalar Allah ta hanyar ciniki a lokacin Hajji kansa, kuma a wurare da dama ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa don a duba a yi tunani. Shi kuma faranta wa iyali rai ba wasa ba ne a Musulunci. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikin wata tafiya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta tsere masa, bayan shekaru kuma da ta yi jiki suka sāke ya tsere mata. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, shawarar Ummu Salama ce ta warware matsalar da ta taso sa'ad da aka hana Musulmi shiga Makka. Da an bar ta a Madina, da ba a sami shawarar ba. Haka kuma Buhari da Muslim sun kawo labarin sahabin da aka rubuta sunansa cikin masu fita yaƙi alhali matarsa ta yi niyyar Hajji, aka umurce shi ya bar yaƙin ya raka matarsa.

Amma fa inda gizo ke saƙa shi ne gidan da ke da mace fiye da ɗaya, kuma irin waɗannan gidaje ba su da wuyar samu a Katsina. Wa za a ɗauka? Sunnar Annabi a nan a fili take: in zai yi tafiya sai ya yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ita ce abokiyar tafiya. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da ke cikin Muhtasar na Shaihu Halilu shi ne miji yana da zaɓi a sauran tafiye-tafiye, amma a tafiyar Hajji da ta yaƙi sai ya yi ƙuri'a, domin tafiya ce ta neman lada da kowace ke kwaɗayi. Sauran malamai kamar Shafi'i da Ahmad sun wajabta ƙuri'ar a kowace tafiya, sai dai in matan sun yarda da wani tsari a tsakaninsu. Kwanakin da aka yi a hanya kuwa ba a rama wa waɗanda suka zauna gida.

A nan ne wasu magidanta ke fakewa da zaɓin da aka ba su. Malamai sun ba da zaɓin ne saboda dalili: wata ta fi jure wahalar hanya, wata kuwa in ta bar gida dukiya da yara za su tozarta. Ba a ba da shi don kowace shekara amarya ce a jirgi ba, uwargida kuwa, wadda aka tara dukiyar da ita tun ana cin tuwo ba nama, a ce ita ce mai tsaron gida, a sallame ta da turmin atamfa da kwalbar turare. Ko da alƙali bai kama mai yin haka ba, gidansa zai kama shi, kuma 'ya'yan ɗakin da aka bari suna gani, suna ajiyewa a zuci. A ganinmu abin da ya fi zama lafiya shi ne a yi ƙuri'a a karon farko a gaban kowa, daga nan a bi layi, kowace ta san shekararta. In a shekarar wata aka yi Umra da Dubai, kada a shekarar 'yar'uwarta a ce kasuwa ta ja baya alhali ba ta ja ba.

Sai maganar kuɗi. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa a kan kimanin Naira 460 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, kuma da kuɗin jirgi da na masauki da na biza duk da kuɗin waje ake lissafa su. Umra a mazhabar Malik sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa. Hajji shi ne farilla. Saboda haka wanda bai sauke farali ba, ko matarsa ba ta sauke ba, ya kamata ya yi lissafi: kuɗin Umra biyu ko uku da hutun Dubai, in aka tara su, ba za su kai ɗayansu Arfa ba? Gaskiya ne shari'a ba ta ɗora wa miji kuɗin Hajjin matarsa ba, kyautatawa ce, amma in za a kyautata a fara da abin da ya fi nauyi.

Ga ɗan kasuwa, kada ya tafi da kuɗin mutane. Wanda ya karɓi kaya bashi a Kantin Kwari, wa'adi ya cika, ya ɗebi kuɗin ya sayi tikiti biyu, ya sani jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne a nassin hadisi. Ga ma'aikaci kuma, tafiyar ta kasance cikin hutunsa na ƙa'ida da izinin na gaba da shi. Wanda ya bar tebur babu kowa, takardun fansho na tsofaffi na jiran sa hannunsa, albashinsa na tafiya, shi kuwa yana ɗawafi, ya dubi haƙƙin da ya rataya a wuyansa. Ba mu ma zancen wanda ɗan kwangila ya biya masa kujera.

Akwai kuma hukunce-hukuncen tafiyar kanta, waɗanda gajartar lokaci ke sa a yi sakaci da su. Na farko mikati. Mai tashi daga Kano kai tsaye zuwa Jidda da niyyar Umra, ya yi wanka ya ɗaura harami tun daga gida ko a filin jirgi, ya yi niyya in jirgi ya kusa daidai da mikati, kada ya bari sai ya sauka. Wanda ya fara da Madina, mikatinsa Zul Hulaifa ne, inda ake kira Abyar Ali. Wanda ya fara da hutun Dubai sa'an nan ya nufo Makka, ta gabas zai ɓullo, mikatinsa Ƙarnul Manazil ne, kusa da Ɗa'ifa, kuma jirgi kan wuce shi tun kafin a sauka. Mai ƙetare mikati ba harami, in bai koma ba, jini ya hau kansa. Ma'aurata kuma su tuna cewa daga ɗaura niyya har a gama sa'ayi a yi aski ko saisaye, kusantar juna haramun ce, kuma saduwa kafin a kammala sa'ayi tana ɓata Umrar, sai an sāke ta an yi hadaya.

Mace kuwa ta lissafa kwanakinta tun kafin a yanki tikiti, domin mai haila ba ta ɗawafi, kuma tafiyar mako guda ba ta da sararin jira. Sau da yawa maigida shi kaɗai ke shirya kome da kamfanin tafiye-tafiye, ba ya tambaya, ita kuma kunya ta hana ta faɗa, sai an isa Makka a shiga damuwa. Wannan yana daga cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa malaman zamaninsa faɗa a kansa a littafinsa Nurul Albabi, watau barin mata cikin jahilcin hukuncin addininsu. Kafin a tashi, a zauna da malami ko malama a koya mata Umrar da kanta, kada a bar ta tana bin bayan miji tana maimaita abin da ba ta ji sosai ba.

Kasaru ma ana kuskure a cikinta. Tafiyar da ta kai mil 48 ana rage sallolin raka'a huɗu su koma biyu. Amma a wurinmu Malikawa, da zarar matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa tun daga isarsa, Juma'a ta hau kansa, in kuma Ramalana ne ya yi azumi. Ke nan wanda ya kama ɗaki a Dubai na mako guda ba shi da kasaru a can. A lura kuma da alƙibla: Bakatsine ya saba fuskantar gabas, amma a Madina kudu ake fuskanta, a Dubai kuwa yamma. Agogo ma a gyara, Sa'udiyya na gabanmu da awa biyu, Dubai da awa uku.

Game da yawan komawa Tan'im, masallacin Nana A'isha, don a sāke ɗaura harami a yi Umra uku ko huɗu a tafiya ɗaya, Imam Malik ya karhanta maimaita Umra a shekara guda, ko da yake Shafi'i ya halatta. Yawaita ɗawafin nafila ya wadatar, kuma ya fi sauƙi ga mace mai shekaru. Ita kuwa Umrar Ramalana da ake turereniya a kanta, asalin falalarta ma maganar ma'aurata ce: wata mata daga Ansar ta rasa Hajji domin raƙumansu biyu ne, mijinta da ɗansu suka hau ɗaya, ɗayan aka bar shi yana ban ruwa, sai Annabi ya ce mata ta yi Umra a Ramalana, ladarta daidai take da ta Hajji. Malamai sun haɗu a kan cewa a lada ne, ba ta ɗauke farali. Kuma a goman ƙarshe kuɗin masauki kusa da Harami yakan ninka sau da yawa, ga cunkoson da kan raba miji da mata tun daga ƙofar masallaci.

Ita Dubai, birni ne na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa wadda aka kafa a 1971, kuma 'yan kasuwarmu sun san unguwar Deira da kasuwar zinariyarta kamar yadda suka san Kano. Akwai abin kallo na halal: dogon benen Burj Khalifa mai tsawon mita 828 da aka buɗe a 2010, da babban masallacin Shaihu Zayid a Abu Dabi, da jiragen katako da ke ƙetare mashigin ruwan tsohon gari. Akwai kuma otal-otal masu mashaya da bakin teku inda ake tsiraici, sai mai iyali ya bincika masauki tun daga gida. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan wuce digiri 40, lokacin sanyi daga Nuwamba zuwa Maris ya fi dacewa. Hanyar kuma ba kullum take a buɗe ba: a Oktoba 2022 ƙasar ta daina ba 'yan Nijeriya biza, ba a dawo da ita ba sai Yuli 2024, saboda haka kada a biya kuɗin jirgi da ɗaki sai biza ta fito.

Abin da muka fi ji daga bakin matan da aka kai shi ne, da an sauka Dubai sai hutu ya ƙare. Maigida ya fita tun safe wajen dillalai da masu auna kaya, ita kuwa a rufe ta a ɗaki a hawa na goma sha, ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci, ba ta san kowa ba, sai dare ya dawo a gajiye da ledar shinkafa. In tafiyar ta saro kaya ce, a gaya mata gaskiya tun a Katsina ta zaɓa. In kuwa an ce mata hutu ne, to, a ware kwana biyu ko uku da ba ciniki a cikinsu, a fita tare, a ba ta guzurinta a hannunta, ta sayi tsarabar 'yan ɗakinsu da ta abokiyar zamanta da kanta.