Taro ya koma cikin waya, amma wa aka bari a waje?

Tun shekarar 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu aka hana cunkoso, taro ya shige cikin waya, kuma har yau bai gama fitowa ba. A azumin shekarar, malamai da dama ta rediyo da Facebook suka yi tafsiri. A Karfi, kamar sauran garuruwan Malumfashi da Funtua, WhatsApp ne ya zauna daram: manoman masara da waken suya da auduga suna da zaurensu, 'yan adashi suna da nasu. Zoom kuwa sai in wata ƙungiya ce daga Katsina ko Abuja ta kira horo.

Gurgu ya ci ribar wannan sauyi. Ba sai ya nemi ɗan acaɓa ya kai shi sakatariya ba, ba kuma matakalar da zai tsaya jiran mai ɗaga shi. Makaho da kurma ne lissafin bai faɗa da su ba.

A ɗauki sanarwar taro. Yanzu yayi ne a zana ta a hoto mai launi, da rana da lokaci da sunan babban baƙo duk a ciki. Makahon da ke da wayar Android yana aiki da TalkBack, manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya. Rubutu take karantawa cikin sauƙi; in ta iso kan irin wannan sanarwa, sau da yawa iyakar abin da za ta ce masa shi ne akwai hoto. Da sakatare ya ƙara layi biyu na rubutu a ƙarƙashi, shi ke nan magana ta ƙare.

Sai a zo kan horon kansa. Malamin gona ya haska tsutsar nan mai cin masara, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016, ya ce, "Kun dai ga alamarta a nan." Manomin da ba ya gani bai ƙaru da komai ba, alhali yana da gona, yana da 'ya'yan da zai aika su duba. Abin da ake so malamin ya faɗa da baki shi ne: tana ɓuya a cikin kunnen masara, tana barin kashi kamar garin katako, a kanta akwai zane mai kama da harafin Y a kife, kusa da wutsiyarta akwai ɗigo huɗu baƙaƙe. Wannan bayani har masu ido zai amfana, musamman wanda hoton ya ƙi buɗe masa.

Na kurma ya fi wuya. Mu mutane ne masu son saƙon murya. Shugaban ƙungiya zai yi minti bakwai yana bayanin rabon taki, a yi ta amsawa da murya har dare. Kurman da ke zauren bai ga komai ba sai jerin layuka da adadin mintoci. Manhajojin taro suna iya mayar da magana rubutu nan take, amma ƙwarewarsu a Turanci take da manyan harsunan Turai, ba a Hausar Katsina ba. Dole dai a sami mutum ya zauna ya rubuta.

Ko an kawo tafinta ma, da sauran rina a kaba. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu tun kaka da kakanni, maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000. Wanda ake koyarwa a makarantu kuma tushensa na Amurka ne, ta hannun Andrew Foster da ya fara aiki a Ibadan a 1960. Saboda haka yaron da ya yi makarantar kurame ta Malumfashi ko ta Tudun Maliki a Kano zai bi tafintan Abuja, amma dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai zuba masa ido kawai. Shi rubutun ma ba lallai ya fisshe shi ba. Mai shirya taro ya fara tambaya: kuramen nan da wane hannu suke magana?

Ga kuma matsalar sabis. Idan intanet ya yi rauni, manhaja hoto take fara sadaukarwa don murya ta ci gaba. Masu ji ba su ma lura ba, amma hannun tafinta ya daskare a tsakiyar jimla. A yankin da aka taɓa katse layukan waya gaba ɗaya a Satumban 2021, cikin ƙananan hukumomi 13 har da Malumfashi da Funtua, ba wanda zai dogara da shirin kai tsaye kaɗai. A ganina ya fi a ɗauki tafintan a gajeren bidiyo bayan taro, cikin haske, da riga marar ado, fuska da hannuwa duk a fili, a tura wa mutane su sauke lokacin da sabis ya samu.

Doka tana nan. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani, ko 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya. Sai dai hankalin jama'a ya fi tafiya kan gine-gine, waɗanda aka ba shekara 5 su gyara hanyar shiga. Ba jami'in da zai leƙa zauren manoman Karfi ya duba ko an rubuta abin da aka faɗa.

Masu iya dubawa suna kusa. Garuruwanmu sun daɗe da sarkin makafi da sarkin guragu, kurame ma suna da shugabanninsu, kuma su suka san wa ke da waya, wa ke karatu, wa ke buƙatar ɗansa ya zauna kusa da shi. Kafin a sa ranar rabon takin bana, sakatare ya sa lambobinsu a zauren, ya tambaye su ta wace hanya suke so saƙo ya riƙa zuwa.