Ƙofar katakon fain a Lafiya: Aikin da ake yi kafin a kafa ta ne ke raya ta

Ma'aikacin tarayya da ake cire masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yakan shafe shekaru yana gini a garinsu. Masu gini a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, ba kasafai suke bin hanyar Keffi da Akwanga su duba aiki ba sai a ƙarshen mako. Idan aka kai ga ƙofofin ɗaki, aljihu ya riga ya gaji, sai ido ya faɗa kan katakon fain, saboda haskensa, da rashin nauyinsa, da sauƙin sarrafawa.

Fain ba baƙo ba ne a Arewa, domin an daɗe da dasa shi a gandun dajin Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunin Jos. Sai dai itace ne mai taushi, ba shi da juriyar maɗaci, kuma gara na son sa. Wurinsa cikin gida ne kawai. Ba ya dacewa da ƙofar waje ko ta banɗaki.

Babban ƙalubalensa a Lafiya shi ne yanayi. Daga Afrilu zuwa Oktoba katako na shan danshin damina ya kumbura, ƙyaure ya ƙi rufuwa. Da hunturu ya shigo sai ya bushe ya tsuke, har ya tsage a mahaɗa. Don haka mai saye ya nemi katakon da ya bushe sosai, ya jingine ƙyauren ya hange shi ta gefe ko ya karkace, ya kuma guji mai manyan kullin reshe, domin ta nan ƙaro ke tsatsowa ya ɓata fenti.

Bayan saye, sai haƙuri. Kada a kai ƙofa ɗakin da filastarsa ba ta bushe ba. A kwantar da ita a ɗakin na 'yan kwanaki ta saba da iskar wurin. Kafinta ya daidaita ta da gurbinta, ya shafa maganin gara, ya goge ta da sanfefa yana bin tsawon katakon, ya toshe kullin, sannan ya sa shafin farko. Idan an tsallake wannan shafi, fain na shan launi da dabbare-dabbare.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shafa gaba da baya da gefe biyu, a bar sama da ƙasa tsirara, alhali ta nan ruwan gogar ɗaki da danshi ke shiga. Maigidan da ya zo daga Abuja ya tura ƙaramin madubi ƙarƙashin ƙyauren kafin ya biya cikon kuɗin aiki. Idan ya ga farin katako, aiki bai ƙare ba.