Karayar Idon Sawu: Aikin da Ke Jiran Mutum Bayan Ƙashi Ya Haɗe

Wanda ya karye a idon sawu, ko a filin ƙwallo ko ta hanyar faɗuwa daga kan babur, yakan ɗauka cewa ranar da aka cire masa filasta ita ce ranar warkewa. Sai ya sauke ƙafa ƙasa, ya tarar ƙwaurinsa ya rame, gaɓar ta sandare, tsuguno ya gagara. A nan ne ake rabuwa: wani ya koma gona ko makaranta da ƙafarsa garau, wani kuma ya ƙare da ɗingishi na tsawon rai. Sau da yawa bambancin yana ga abin da aka yi a watannin da suka biyo baya.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi gaɓar idon sawu. Akwai babban ƙashin ƙwauri, wato tibiya, da siririn ƙashin da ke gefensa, wato fibula, sannan da talus wanda ke zaune a tsakaninsu daga ƙasa kamar turmi a cikin rami. Ƙullutun nan biyu da mai karatu zai taɓa a gefen ƙafarsa, ƙarshen tibiya da fibula ne, kuma su suka fi yawan karyewa. Tun da nauyin jiki duka ta wannan ƙaramar gaɓa yake bi, 'yar gocewa kaɗan takan jawo ciwo na shekaru. Saboda haka hoton ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen na Jamus ya gano haskensa a 1895, shi ne matakin farko. Masu ɗori na gargajiya suna da daɗaɗɗen matsayi a garuruwanmu, amma hannu ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fata, kuma ɗaurin da ya matse fiye da kima yana iya tsare jini har nama ya mutu.

Ƙashi abu ne mai rai. Da ya karye, jini kan taru ya daskare a wurin. Cikin makonni biyu zuwa uku sai guringuntsi ya haɗa bakunan biyu, daga nan ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi su shimfiɗa sinadarin kalsiyam a kansa har ya taurara. Ga baligi wannan kan ɗauki kimanin makonni shida ko fiye. Bayan haka sai sassaƙa ta biyo baya, wadda kan yi watanni: wasu ƙwayoyin suna rushe rarar ƙashi, wasu suna ƙara gini inda ake buƙata. A 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Ke nan ƙafar da aka bari a kwance ba za ta yi ƙarfi ba.

Haka tsoka take. Makonni kaɗan na zama a cikin filasta sun isa su ramar da naman sha-raɓa, su kuma gajarta jijiyar agara. Akwai kuma wasu ƙananan majiyai a cikin gaɓa da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka ko da ido na rufe. Su ma sukan dushe, shi ya sa mai karaya ke saurin sake gurɗewa.

Gyara waɗannan shi ne aikin likitan gashin ƙashi. Da fari yakan sa mara lafiya ya riƙa ɗaga tafin ƙafa sama yana sauke shi, ko ya zana haruffa a iska da babban yatsa. Daga baya sai jawo tafin ƙafa da tawul, sai ɗagawa a kan yatsu ana dafe da bango, a ƙarshe kuma tsayuwa da ƙafa ɗaya. Likita ne kaɗai zai faɗi lokacin da za a fara taka ƙafar, domin karaya ta sha bamban da karaya.

Matsalarmu ita ce nisa. A Dutse akwai Asibitin Rasheed Shekoni, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, sannan manyan ayyukan ƙashi akan tura su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. To, mutumin Kiyawa ko Jahun da ke dogara sanda, sau nawa zai iya biyan kuɗin mota a mako? Da yawa sukan daina zuwa tun ba a yi nisa ba.

A nan ne wayar hannu ta shigo. Tun annobar korona ta 2020, duba marasa lafiya ta bidiyo ya yaɗu a duniya. Mara lafiya kan jingina waya a kan kujera ya yi tafiya a gabanta, likita yana kallon takunsa ta WhatsApp, yana gyara masa kuskure, yana ƙara masa atisaye. Amma waya ba ta taɓa kumburi, ba ta ɗaukar hoton ƙashi. Don haka gwajin farko sai an yi shi ido da ido, kuma bidiyon da aka tsinta a intanet ba zai maye gurbin likitan da ya san karayar ba. Idan yatsu suka yi sanyi ko suka sauya launi, ko sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, a ajiye waya a nufi asibiti nan take.

Abinci ma yana da rawar takawa. Nono da zogale da kuka suna ba da kalsiyam, wake da ƙwai da kifi suna gina tsoka, hasken rana kuma yana taimaka wa fata ta samar da bitamin D. Taba sigari da ciwon sukari da ba a kula da shi ba suna jinkirta haɗewar ƙashi.

Ga malamai kuwa, ɗalibin da ya dawo aji bayan karaya yana buƙatar uzuri daga wasanni da dogon tsayi a layi har sai likita ya sallame shi, wanda kan kai watanni uku ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.