Gafiya, Gyazbi da Damo: Abin da ke Cikin Jakar Mafarautan Kaduna

Da zarar an kwashe amfanin gona, hunturu ya sauko, ciyawa ta bushe, sai 'yan farauta su fara fita daga Kawo da Hayin Banki da Rigachikun, kowa da gorarsa da barandami, karnuka na biye. Tsofaffin maharba suna ba da labarin gwanki da mazo da ɓauna, amma yau in aka dawo da gada guda ɗaya an yi babbar sa'a. Abin da ke cika jaka shi ne ƙananan namun dawa, irin waɗanda ɗan birni kan yamutsa fuska in an ambata, alhali su ne suka daɗe suna kai nama tukunyar talaka.

Gafiya ce kan gaba. Tana da jaka a kumatu inda take cusa gyaɗa da hatsi ta kai rami, shi ya sa ake ce mata ta tsira da na bakinta. Nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Masu nemanta sukan toshe sauran ƙofofin ramin, su tura hayaƙi ta guda, su tsaya da sanda. A babbake ta, a yi farfesu da citta da masoro. Wannan dabba da yara ke haƙa a bayan gari, irinta ce ƙungiyar APOPO ke horarwa a Morogoro ta Tanzaniya don gano nakiyoyin da aka binne da kuma shinshino tarin fuka a majina. Ɗaya daga cikinsu, Magawa, ya sami lambar zinariya a 2020 saboda aikinsa a Kambodiya.

Gyazbi ya fi ta girma nesa ba kusa ba, don babba yakan haura kilo 5. Fadama yake so, da gaɓar ruwa mai dogayen ciyayi irin na Kogin Kaduna, kuma abincinsa ciyawa ne da rake da karan masara. Manomi yana ƙinsa, mafarauci yana sonsa, mai saye daga kudu kuwa ba ya tsayawa ciniki da yawa. Namansa fari-fari ne mai taushi. A Jamhuriyar Binin da Gana an daɗe da mayar da shi dabbar kiwo a keji, kuma babu abin da zai hana matashin Malali ko Badarawa yin haka a bayan gida, tunda ciyawar tana nan a bakin kogi.

Beguwa sai jarumi. Da dare take fita, ramin duwatsu take kwana, kuma babba takan kai kilo 20. Ana cewa harbo ƙayarta take yi kamar kibiya, amma ba haka abin yake ba: baya-baya take afka wa abokin gaba, ƙayar ta cake shi ta zare daga jikinta. Karnuka da dama sun rasa ido a haka. Bushiya kuwa ba ta faɗa, dunƙulewa kawai take yi, sai a ɗauke ta da hannu. Namanta ɗan kaɗan ne, kuma fatarta da ƙayoyinta sun fi tafiya wurin masu maganin gargajiya da ke shimfiɗa a kasuwannin mako irin ta Kawo.

Sai damo, sarkin haƙuri, da ɗan'uwansa guza mai son ruwa. A nan ne musu kan tashi a majalisa: halal ne ko haram? Malamai sukan kawo hadisin da aka ci damon sahara a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Bai ci ba, don ba abincin ƙasarsu ba ne, amma bai hana Halidu ɗan Walidu ci ba. Mazhabar Malikiyya tana da yalwa a wannan babi fiye da yadda mutane ke zato. Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya da Kaduna, ya lissafa zomo da bushiya da beguwa cikin abin da ya halatta, ya ajiye masu farauta da fiƙa, irin su kura da yanyawa, a sahun makaruhi. Sharaɗin da 'yan farauta suka fi sakaci da shi shi ne ambaton sunan Allah yayin sakin kare, da yanka dabbar in an same ta da sauran rai.

Halaccin abu bai kawar da haɗarinsa ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓeran gida da na gona ke ɗauke da shi, kuma ya fi tashi a rani, daidai lokacin da yara ke cinna wa daji wuta suna bin ɓeraye. A 2003 gafiyoyin da aka kai Amurka daga Gana suna cikin dabbobin da aka samu da ƙyandar biri. Haɗarin ya fi yawa wajen fiɗa, lokacin da jini ke taɓa yankan hannu, ba a cikin naman da ya dahu lugub ba. Wanda ya tsinci mushe a daji ya bar shi inda yake.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su shiga jaka ba ko kaɗan. Ɗankunya, mai ɓawo a jiki, ɗa ɗaya yake haifa, kuma tun 2017 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa tun 1985, aka tsananta tararta a 2016.

Dalilin komawa ga ƙananan namu a bayyane yake. Gidaje da gonaki sun ci dajin da ke tsakanin Mando da Rigachikun, masu gawayi sun bi sauran. Manyan dazuzzukan Birnin Gwari, inda gandun Kamuku yake, sun shafe shekaru a hannun 'yan bindiga, kuma bayan sace ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris na 2021, hatta dajin bakin gari sai da shiri ake shigarsa. Saboda haka farauta ta tattaru a 'yan fadamu da kufai, ana ƙona wuri guda kowace shekara. Wutar da aka cinna don gyazbi biyu tana cinye ƙwan fakara da 'ya'yan zomo da ciyawar makiyayi. Sarakunan dawa na da sukan hana fita da damina, lokacin da dabbobi ke da ciki ko goyo, kuma ƙungiyoyin mafarauta na Kaduna suna da shugabannin da za su iya dawo da wannan hani.