Horon Kai Daga Bakin Rumbu Yake Farawa

Kowace shekara idan damina ta yi tsakiya, watau cikin Yuli da Agusta, mu da muke zaga ƙauyuka domin aikin raya karkara mukan ga wani abu da ya daɗe yana damunmu. Ga manoma biyu, gonakinsu suna iyaka da juna, ruwan sama ɗaya suka samu, da kaka kuma dammunansu kusan ɗaya ne. Amma yanzu ɗaya yana cin tuwo dare da safe a gidansa, ɗayan kuwa ya saɓa fartanya tun da asuba ya tafi ƙwadago domin ya samo mudun da za a dafa da yamma. Tasa gonar tana can ciyawa ta sha kanta, gama lokacin da ya kamata ya yi maimai yana gonar mutane. Da kaka amfaninsa zai ragu, baɗi kuma yunwa za ta riga zuwa gidansa.

Ba mu ce kowace yunwa laifin mai gida ce ba. Dattawanmu suna tune da farin 1972 zuwa 1974, da na 1984, 'yan'uwanmu na Nijar kuma ba su manta da 2005 ba, sa'ad da ƙarancin ruwa da fara suka ɓata amfanin shekarar da ta gabata, gero ya yi tsada ƙwarai. Akwai tsadar taki, akwai ciwo, akwai kuma waɗanda rashin zaman lafiya ya raba su da gonakinsu. Waɗannan taimakonmu suke bukata, ba faɗa ba. Maganarmu a nan a kan yunwar da muke jawo wa kanmu ce, a shekarar da Ubangiji ya ba mu isasshe.

Inda hatsi yake zurarewa

Da kaka hatsi ya fi araha, domin kowa yana da shi, kowa kuma yana kaiwa kasuwa. Daidai lokacin nan ne bukatu suke taso mana gaba ɗaya. Ga Kirsimati da ɗinkin iyali, ga Sabuwar Shekara, ga bukukuwan aure, ga kuɗin makarantar yara a watan Janairu. Mutum ya dubi rumbu cike har baki, sai ya ga kamar ba zai ƙare ba. A wasu gidajen kuma akwai wata ƙofa, ita ce dawar da ake jiƙawa domin burukutu, ko wadda ake sayarwa a kai kuɗin gidan giya.

Amma ba manyan fitarwa kaɗai ke cinye rumbu ba. 'Yar tiya ɗaya da ake ɗiba yau a sayi sabulu, jibi a sayi katin waya, ita ce ba a gani. Wanda yake sayar da tiya ɗaya kowane kwana 3, kafin shekara ta kewayo ya fitar da tiya wajen 120, watau buhu 3 ke nan, shi kuwa zai rantse bai sayar da ko buhu ɗaya ba. Idan damina ta zo rumbu ya yi ƙasa, sai a tafi wurin mai hali a ci bashi. A wurare da yawa buhu ɗaya na damina da buhu biyu ake biyansa da kaka. To, wanda ya shiga wannan, amfanin baɗi ya riga ya ci rabinsa tun bai shuka ba.

A fara da awo

Mun tambayi magidanta da yawa a wurin taro, "Hatsi nawa gidanka yake ci a shekara?" Yawanci amsar ita ce, "Sai abin da Allah ya yi." Gaskiya ne Allah ne mai ciyarwa, amma shi ne kuma ya ba mu hankalin ƙidaya. Wanda bai san abin da gidansa yake ci ba, ba zai san abin da ya halatta ya sayar ba.

Lissafin ba wuya. Uwargida ta riga ta san abin da take aunawa kullum, a tambaye ta. A kasuwanni da yawa na arewa buhu babba yana cin tiya 40, inda kuma ake awo da mudu sai a bi na wurin. A ce gida yana cin tiya ɗaya a rana. Kwana 365 ke nan tiya 365, watau buhu 9 da tiya 5. A ƙara na baƙi, da na ranar gayya, da na zaman makoki, a ce buhu 10. Wanda yake ajiye hatsinsa a dami, ya sussuke dami ɗaya matsakaici ya auna, daga nan zai san abin da ke cikin rumbunsa. A rubuta a littafi. Idan mai gida bai iya rubutu ba, yaronsa ɗan makaranta ya iya, yaron kuma zai koyi abin da zai amfane shi har tsufansa, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A kasa tun ranar da aka kawo gida

A cikin Farawa sura 41 mun karanta yadda Yusufu ya ba Fir'auna shawara a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar dukan shekaru bakwai na ƙoshi. Mu lura, bai jira yunwa ta fara ba, ya kuma ce a naɗa mutanen da za su lura da aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma mu kasa namu kashi biyar tun kafin a ɗebi ko ƙwarya ɗaya. A ce mutumin nan ya sami buhu 15. Zakka da godiyar kaka, buhu ɗaya da rabi. Abincin gida, buhu 10. Iri, rabin buhu, a zaɓo shi daga zangarniya mafi kyau, a ajiye dabam. Na ko-ta-kwana, domin ciwo ko makarar ruwa, buhu ɗaya. Abin da ya rage buhu 2 ne, shi kaɗai ne na sayarwa. Idan buhu 2 ba za su ɗauki hidimar Kirsimati da auren da ake shiri ba, to hidimar ce za a rage, ba abincin yara ba. Kuɗin sauran bukatu a neme shi daga gyaɗa, waken soya, akuya, kaji, noman rani ko wata sana'ar hannu.

Kada wani ya ce mun ce a ɓoye hatsi domin a ci kazamar riba. Ba kowace shekara farashi yake tashi ba, wani lokaci ma yakan faɗi. Abin da muke cewa shi ne, kada manomi ya sayar da abincinsa da araha ya komo yana sayensa da tsada.

Ajiya ita ma aiki ce

Rumbun da mai shi bai taɓa ba, ƙwari da ɓera da gara za su iya cinye shi. Kafin a zuba sabon hatsi a share rumbu sarai, a fitar da tsohon, a liƙe tsaguwa, a gyara jinka. Kada a zuba hatsin da bai bushe ba, gama danshi yana kawo fumfuna, fumfunar masara da gyaɗa kuwa tana da dafin da yake lalata hanta, dafuwa ba ta kashe shi. Ga hanyar gwaji mai sauƙi: a sami kwalba busasshiya, a zuba hatsi da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza sosai, a bar shi ya ɗan jima. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mai da shi rana.

Domin wake, akwai buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken aikin gona na Afirka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Idan an matse iska aka ɗaure kowanne dabam, ƙwarin ciki sai su rasa iska su mutu, ba tare da an sa magani ba. Amma sai a riƙa dubawa kada ɓera ya huda, kada kuma a yi ta buɗewa. Muna gargaɗi ƙwarai a kan zuba maganin feshin gona a cikin abinci, da kuma ajiye buhunan da aka sa wa ƙwayar maganin hayaƙi a ɗakin kwana. Wannan ya sha halaka mutane.

Wa yake tambayarmu?

Nan ne maganar ta fi nauyi. Dukanmu mun iya ɗaukar alkawari da kaka, amma wanda ba mai tambayarsa, alkawarinsa ba ya kai Fabrairu. A wani taro da muka yi da Zumuntar Mata, wata uwa ta miƙe ta ce wa mai bisharar wurin, "Baba, ni nake dafawa, amma ban taɓa sanin abin da ke cikin rumbun gidanmu ba. Ranar da maigida ya ce mini ya ƙare, ranar nake sani." Mata da yawa suka ce haka yake a gidajensu. Ya ku magidanta, matar da ta yi shuka da ku, ta yi sussuka da shiƙa, ta cancanci sanin lissafi. Ku zauna tare sau ɗaya a wata, ku duba littafi, ku duba rumbu. Kada ɗayanku ya sayar sai da sanin ɗayan. Wannan ba ya rage girman mai gida, yana kāre shi ne daga ranar da abokai za su ja shi.

Mu kanmu mun sha wannan darasi da ciwo. Akwai shekarar da muka taimaki wata ƙungiya ta tara hatsi domin damina. Muka ba mutum ɗaya mabuɗi da littafi, domin kowa ya amince da shi. Ba ɓarawo ba ne. Amma wannan ya zo da kuka ya ba shi rance, wancan ɗan'uwansa ne ya kasa hana shi, bai kuwa rubuta ba. Da aka buɗe ɗakin a watan Yuli, abin da aka tarar bai kai rabi ba. Ƙungiya ta watse, mutumin ya daina zuwa sujada saboda kunya. Laifin namu ne, gama mun ɗora masa kayan da bai kamata mutum ɗaya ya ɗauka ba.

Haka ya faru da bankunan hatsi masu yawa da aka kafa a ƙasashen Sahel bayan farin shekarun 1970. Da yawansu sun mutu saboda bashin da ba a biya ba da rashin riƙon littafi. A Nijar, tun wajen 1999, ƙungiyoyin manoma suka fara wata dabara. Sukan tara amfaninsu a ɗaki ɗaya da kaka, asusun ba da rance ya ba su kuɗi a kan hatsin, su yi sana'ar rani, su biya, kāna su karɓi hatsinsu. Ƙofar ɗakin kwaɗo biyu gare ta, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun masu rance. Ba mai buɗewa shi kaɗai.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. A 2 Sarakuna sura 12, zamanin sarki Yowash, Yehoyada firist ya huda murfin akwati domin kuɗin gyaran Haikali, idan kuma ya taru, magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙidayawa tare. A 2 Korantiyawa sura 8, Bulus bai yarda ya riƙe gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, akwai ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa domin ya yi tafiyar tare da su. Idan manzo bai ga wannan raini ba ne, ma'ajin ƙungiyarmu ma kada ya gani haka. Mai mabuɗi dabam, mai littafi dabam, a karanta lissafi a gaban kowa wata wata, kowane rance kuma a rubuta shi a gaban shaidu biyu, ko na shugaba ne.

Lafiyar mai noma

Rumbu cike ba ya amfanin wanda yake kwance. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa da damina, daidai lokacin da gona take bukatar kowane hannu. Kwana a gidan sauro kowane dare, rufe randa, wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan an zaga, kai yaro asibiti tun zazzaɓi bai yi nisa ba, dukansu ƙananan abubuwa ne da ake yi kullum, kamar awon tiya. Wanda giya ta kama shi kuma, kada ya yi kokawa da ita a ɓoye. Ya nemi fasto ko wani dattijo amintacce ya faɗa masa, ya ba shi izini ya riƙa tambayarsa. Mu kuma da aka faɗa wa, mu riƙe asiri, mu yi tambaya da ƙauna.

Karin Magana sura 6 ta aike mu wurin tururuwa, wadda ba ta da shugaba a kanta amma tana tanadin abincinta da kaka. A Galatiyawa sura 5 kuma kamunkai yana cikin albarkar Ruhu, watau abu ne da za mu roƙa, mu kuma aikata. Saboda haka a kakar nan muna roƙon kowane gida ya yi abu uku: a auna, a kasa, a sami mai tambaya. Shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taronsu na gaba, su tattauna, sa'an nan su rubuto mana abin da suka shirya, domin mu buga wasu su ƙaru. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hikimar riƙon abin da ya ba mu. Amin.