Jirgin kwal da ya sauke kakanninmu a Agege: ina ya kwana?

Tun da aka buɗe sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan a 2021, sannan jirgin cikin gari na Red Line ya biyo baya a 2024 yana ratsa Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin, hirar jirgin ƙasa ta dawo majalisunmu. Mu mazauna Isolo layin bai biyo ta unguwarmu ba, sai mun fito Oshodi, amma duk da haka kowa ya san kuɗin tikiti da lokacin tashi. Abin da ban cika jin ana tambaya ba shi ne tsohon jirgin, mai baƙin hayaƙi, wanda dattawa ke kira jirgin kwal. A wasu ƙasashe irinsa bai mutu ba. Ana gyara shi, a hura masa wuta, mutane su biya kuɗi mai tsoka su hau, ba don za su wani gari ba, sai don su ji yadda tafiya take a zamanin kakanninsu. Ni a ganina Hausawan kudu sun fi kowa haƙƙin tambayar inda namu ya kwana, domin galibin zangunanmu a bakin digarsa suka tsiro.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, bari in ɗan bayyana yadda yake aiki. Kan jirgin kwal ba komai ba ne illa ƙatuwar tukunyar ruwa da aka kwantar a kan ƙafafun ƙarfe. A bayanta akwai murhu. Mutum ɗaya, wanda ma'aikatan reluwe ke ce wa fayaman, aikinsa ke nan ɗibar kwal da shebur yana watsawa cikin wuta. Zafin wutar na bi ta wasu bututu da suka ratsa cikin ruwan, ruwa ya tafasa, tururi ya taru ya rasa hanyar fita. Direba na buɗe masa ƙofa sai ya tura fistin gaba da baya, fistin ya tura dogayen sandunan nan da ake gani a gefen jirgin, su kuma su juya ƙafafu. Wancan "cuku-cuku" da yara ke kwaikwaya, tururin da ya gama aiki ne yake fita ta bututun hayaƙi. A bayan kan jirgin ana ɗaura wani ƙaramin tarago mai ɗauke da kwal da ruwa, kuma ruwan ya fi saurin ƙarewa. Shi ya sa tsofaffin tashoshi ke da dogayen tankuna: jirgi ya tsaya ya sha ruwa, fasinja su sauka su yi alwala, masu talla su yi ciniki. Garuruwa da dama a kan hanyar Kano daga wannan tsayawar suka samu kasuwa.

An fara shimfiɗa layin daga Legas a 1896, ya isa Ibadan a 1901. Daga can arewa kuma, a zamanin Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan reluwe ne, aka taso da wani layin daga Baro a bakin kogin Neja, ya shiga Kano a 1911. Da hannun talakawa aka yi shi, waɗanda hakimai da dagatai ke tarawa bisa umarnin Turawa, kuma har yau idan Bahaushe ya ce "aikin diga" wahala yake nufi. A 1912 aka haɗe layukan biyu a wajen Minna, sai dai a Jebba jirgin ruwa ne ke tsallakar da taragu har zuwa wajen 1916 da gada ta kammala. Kwal ɗin kuwa daga Inugu ake haƙo shi. Tafiyar Legas zuwa Kano ta ɗan haura kilomita 1,100.

To ina ruwanmu? Ai a nan labarin yake. Kafin jirgi, goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga Gwanja yake zuwa, a ƙasar Gana ta yau. Ayarin fatake ne ke tafiya da jakuna ƙarƙashin madugu, a kwashe watanni zuwa da dawowa, a biya fito a kogi, a biya kuɗin hanya ga sarakuna, wani lokaci a yi arba da 'yan fashi. Goro kuwa ba ya son jinkiri. Ko an naɗe shi da ganye a cikin huhu, sai ana buɗewa ana dubawa ana tsince mai tsutsa, in ba haka ba a isa gida da asara. Da aka fara dasa irin goron Gwanja a gonakin Agege da Ota da Ifo da Shagamu a farkon ƙarni na 20, ga kuma tasha a bakin gona, sai lissafi ya canza gaba ɗaya. Abin da ke cin watanni ya koma kwanaki. Ɗan kasuwa ya sayi goro a Agege, a ɗaure, a loda a tarago, ya isa Kano da ɗanyensa. Amma sai an samu wanda zai zauna a nan ya san manoma, ya san harshe, ya ba baƙo masauki, ya tsaya masa a kan bashi. Maigida ke nan, fatoma ke nan, kuma daga gidajensu zango ya girma har aka kai ga naɗa Sarkin Hausawa. Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ita ma a kan goro da shanu ta tsaya.

Shanun ma jirgi ya sauƙaƙa musu. Garken da aka koro a ƙasa sai ya ratsa dajin ƙudan tsando, ya iso kudu a rame, wasu sammore ya kama su. A tarago kuwa kwana biyu ko uku ne. Gyaɗa kuma ta bi hanyar ta gangaro teku. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa daga Kano, manoma suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, kuma tsofaffin fataken goro irin su Alhassan Ɗantata ne suka zama manyan masu sayenta. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta, a gaskiya buhuna ne da ke jiran tarago.

Yanzu ina ragowar wannan duniyar? Mafi kusa da mu tana Ebute Metta, cikin harabar hukumar jiragen ƙasa. A can akwai wani gidan bene da ake kira Jaekel House, wanda aka gina a 1898, yana cikin tsofaffin gine-ginen harabar. Sunan wani tsohon jami'in reluwe ne, Francis Jaekel, wanda ya rubuta tarihin reluwen Najeriya a littafi mai juzu'i 3. Wata ƙungiyar masu kishin kayan tarihi, Legacy 1995, ta gyara gidan a 2010 tare da masanin gine-gine Farfesa John Godwin, aka mayar da shi ƙaramin gidan tarihi mai ɗauke da tsofaffin hotuna da kayan aikin ma'aikata. A cikin harabar dai akwai tsohuwar rumfar gyaran kawunan jirgi, inda wasu na kwal ke tsaye tsatsa na cin su. A cikin kawunan da suka yi tashe bayan yaƙin duniya na biyu akwai waɗanda aka fara kawowa daga Ingila a 1948, kowanne an raɗa masa sunan wani kogi. Ba su daɗe suna mulki ba, domin dizal ya shigo a 1955, shekarar da aka kafa hukumar NRC, ya yi ta ture su a hankali har suka bar aiki. A Jos ma an ajiye ragowar ɗan ƙaramin jirgin nan da ya riƙa hawa dutse daga Zariya zuwa Bukuru yana ɗauko kuza, wanda aka rufe layinsa a 1957.

Duk waɗannan a tsaye suke. Bambancinmu da wasu ƙasashe ke nan: nasu na tafiya. A yankin Wales na Birtaniya akwai wani ɗan layi mai suna Talyllyn, tsawonsa bai fi mil 7 da ɗoriya ba. Da zai mutu a 1951, wasu 'yan sa-kai suka karɓe shi suka ci gaba da tuƙawa, kuma shi ake lissafawa na farko a duniya da talakawa masu sha'awa suka ceto. A Indiya jirgin Darjeeling, wanda aka buɗe a 1881, har yanzu yana hawa tsaunin da ya haura mita 2,000 a tsakanin gonakin shayi, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. Alhazanmu da suka zaga Madina wataƙila sun ga tsohuwar tashar jirgin Hijaz, wanda ya iso birnin daga Dimashƙa a 1908. An gyara ta ta zama gidan tarihi.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Saliyo, don su ba su fi mu kuɗi ba. An rufe reluwensu baki ɗaya a 1974, aka sayar da ƙarafa. Wasu kawunan jirgi da taragu suka tsira a cikin wani tsohon garejin reluwe a Freetown, suka wuce yaƙin basasa a kulle, sai ga shi a 2005 an buɗe wurin a matsayin gidan tarihi na ƙasa. Ɗaya daga cikin kawunan jirginsu kuwa Turawan Wales ne suka saya tun a shekarun 1970, suka kai shi can yana jan 'yan yawon buɗe ido. Wato abin da wani ya auna a sikeli a matsayin gwangwan, wani ya yi shekaru yana karɓar kuɗin tikiti a kansa. Na faɗi haka ne da sanin cewa 'yan uwanmu da yawa a Legas da sana'ar gwangwan suke ci, halal ɗinsu ne, ba kuma su ke yanke shawarar abin da hukuma za ta yi gwanjonsa ba. Sai dai kan jirgin da ya shiga wuta ya narke, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Kada in sa ku zaci abu ne mai sauƙi a tayar da ɗaya. Tukunyar da ta yi shekara 40 ba wuta ba a hura ta haka kawai. Tururi mai ƙarfi ne a ciki, in ƙarfen ya ci, fashewa za ta yi ta kashe mutane. Sai an kwance ta, an sauya bututu, an gwada ta da ruwa mai matsi. Sai an nemo kwal mai kyau, ga ma'adinan Inugu sun daɗe da durƙushewa. Sai kuma hannu: waɗanda suka tuƙa irin wannan jirgi suna samari, yau duk sun tsufa, kuma aikin fayaman ba a littafi ake koyonsa ba. Babbar matsalar kuma ita ce faɗin layi. Tsohon layi tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435. Tsohon kan jirgi ba zai taɓa hawa sabon layi ba. Duk inda aka tumɓuke tsohuwar diga, an rufe ƙofar wannan magana a wurin ke nan. Alhali wuraren kallo ba mu rasa su ba: gadar Jebba da dutsen nan da ke tsakiyar kogi, ko hawan da layi ke yi daga Kafanchan zuwa Jos. Ko ɗan zagaye daga Ebute Metta zuwa Agege ranar hutu ai ya isa a fara da shi.

Wannan aikin hukuma ne da masu kuɗi. Akwai wanda ke hannunmu, kuma shi ya fi gaggawa. Gidajen tarihin reluwe a ko'ina abin da hukuma ta bari suke ajiyewa: hoton injiniya, hular sitashamasta, fitilar gadi. Fasinjan da ya kwana a kan huhun goro a tarago mai daraja ta uku bai bar fayil a ofis ba. Labarinsa yana bakin dattawan Agege da Idi-Araba da Mile 12, da tsofaffin mata da aka kawo su amare a jirgi daga Kano ko Gusau ko Nguru. Wanda ke da irin wannan tsoho a gida, ya kunna rikodar wayarsa ya tambaye shi: kwana nawa kuka yi a hanya, nawa ne kuɗin jirgi, a wace tasha ake sayen abinci, wa ya tarbe ku a Iddo ko Agege, a gidan wa kuka sauka? A duba tsofaffin akwatuna ko akwai tikiti, ko rasiɗin lodin goro, ko hoton tasha. Ƙungiyoyin 'yan goro da na 'yan shanu da fadar Sarkin Hausawa za su iya tattara kwafinsu wuri ɗaya, a kai wa masu kula da gidan tarihin wani kaso.

Mai son kai yara Jaekel House daga Isolo, ya fito Oshodi ya hau Red Line zuwa Yaba ko Oyingbo, daga nan tafiyar ba nisa zuwa harabar reluwe. Ya kamata a tuntuɓi masu kula da gidan kafin a tashi, musamman in ɗaliban Islamiyya ne za a kai da yawa, a kuma nemi izini tun da wuri idan ana son leƙa rumfar da tsofaffin kawunan jirgin suke.