Ƙura Ajalin Inji

Daga Malamin Gona, Birnin Gwari

Jama'a manoma, bayan sulhun da aka yi a ƙarshen shekarar 2024 mutane da yawa suka koma gonakinsu na gefen dajin Kamuku, suka fito da injunan da suka daɗe a ajiye. To, yau zancenmu a kan matatar iska ne, wadda makanikai su ke kira eya kilina, watau hancin inji.

Bara na je rangadi wajen Kuyello, na iske wani dattijo ya cire matatar injin ban ruwansa ya yar. Ya ce, "Malam, tun da na raba shi da wannan takarda ya ƙara ƙarfi." Na ce, "Baba, gaskiya ne, amma ƙarfin na 'yan kwanaki ne." Bai ji ba. Rani bai raba ba injin ya fara shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, har ya ƙi tashi. Kafin a samo kayan gyara albasarsa ta sha ƙishirwa.

Ga dalili. Inji numfashi ya ke yi kamar mutum. Kafin ya ƙone lita 1 ta fetur sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000, watau cikin durom 45. Ƙurar da ke cikin iskan nan kuwa yawancinta garin yashi ne. In ta shiga ta gauraya da mai, sai ta dinga cin fistin da zobbansa kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa. Matata kuwa kamar rariya ta ke: mai manyan idanu gari ya fi saurin wucewa, amma har da tsaki. Saboda haka wadda ta fi sakin iska sau da yawa ita ta fi sakin ƙura.

Iri uku mu ke gani a nan. Ta farko ta takarda ce, wadda ke cikin motoci da taraktocin zamani. Ita ta fi tacewa, don mai kyau ta kan kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙura. Aibinta toshewa, musamman wajen casar masara da waken suya. Kada a wanke ta, kada a shafa mata mai. A bubbuga ta a hankali, sa'an nan a haska tocila daga ciki cikin duhu. In an ga huda ko da kamar ta allura ce, a sake sabuwa.

Ta biyu ta soso ce, ta babura da ƙananan injunan ban ruwa. Tana sakin iska sosai, kuma ana wanke ta a mayar. Amma fa man da ke jikinta shi ke riƙe ƙura. A wanke da ruwa da sabulu, a bari ta bushe sarai, a ɗiga baƙin mai mai tsabta, a matse. Busasshen soso ba ya tare ƙurar hunturu.

Ta uku mai kwanon mai ce, irin ta tsofaffin taraktocin Ferguson da injunan niƙa masu aiki da gas. Iska ta kan bugi mai tukuna, ƙura ta zauna a gindin kwano. Ba ta saurin toshewa, ba ta kuma bukatar a je Kaduna ko Funtuwa neman sabuwa. Sai dai ba ta kai ta takarda tacewa ba, balle in inji na tafiya a hankali. Lokacin ƙura a duba kwanon kullum da safe, a kwashe laka, a zuba mai daidai layin da aka zana, kada a wuce shi.

Alamar toshewa uku ce: baƙin hayaƙi, da shan mai, da rashin ƙarfi. Wanda ya ga haka ya gyara matatar, kada ya huda ta ko ya cire. Injin da ya daɗe a ajiye kuma a leƙa hancinsa kafin a tayar, gama zanzaro da ɓera su kan yi gida a ciki. A duba robar bakin murfi, don in ta tsage ƙura sai ta bi ta gefe.

Kuɗin matata kaɗan ne in an gwada shi da na kwance inji a tsakiyar rani. Allah ya ba mu sa'a, amin.